A Ƙirga Wadda Ta Rayu, Ba Wadda Aka Dasa Ba

Akwai wani hoto da ke rataye a ofishin shugaban wata makarantar sakandare da na koyar a cikinta. Babban baƙo ya durƙusa yana riƙe da ɗan dashe, ɗalibai sun kewaye shi sanye da sababbin riguna masu rubutun kare muhalli. Ni ma ina ciki, can gefe, da bokitin ban ruwa a hannuna, ina washe baki kamar wanda ya sauke wani babban nauyi. Itatuwa 60 muka dasa a ranar. Aka yi jawabai, aka tafa, aka watse. Mako uku bayan haka aka ba da dogon hutu.

Da muka dawo sai na ɗauki littafi na zagaya in ga abin da muka bari. Galibin ramukan babu komai a ciki sai busasshen tsinke. Wasu dabbobi sun gwaguye su, wasu gara ta ci, wasu kuwa ƙishi ne kawai ya gama da su. Bakwai na samu da rai, kuma dukkansu a jere suke kusa da ƙofar shiga, daura da ɗakin mai gadi. Ban sha wahalar gano dalili ba, don na tarar da dattijon yana juye ragowar ruwan da ya wanke kwanonsa a gindin ɗaya daga cikinsu.

Na ce, "Baba, ashe kai ke shayar da su?"

Ya ce, "To Malam, abu mai rai yana mutuwa a gabana in zuba masa ido? Waɗancan na nesa ne ƙafata ba ta kai ba, kuma ba wanda ya ce mini komai a kansu." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Da an tambaye ni, da na ce a dakata sai ruwa ya zauna."

Ba a tambaye shi ba. Ba ya ma cikin hoton, don a ranar aikinsa shi ne nuna wa motocin baƙi inda za su tsaya.

Tun daga wannan rana na daina burguwa da yawan abin da makaranta ta ce ta yi don muhalli. In aka ce mini ɗalibai da malamai sun dasa itace kaza, sun kwashe shara buhu kaza, sun kafa ƙungiya mai suna kaza, tambayata ɗaya ce: bayan shekara guda, me ya rage? Ra'ayina shi ne aikin kula da muhalli a makaranta ba ya ɗorewa sai ya fita daga hannun ranakun biki ya shiga cikin hidimar yau da kullum, sai an jawo ma'aikatan da ba a cika sa su a lissafi ba, sannan sai an yarda a miƙa wa ɗalibai alƙalami su auna, su rubuta, su faɗi abin da suka gani ko da ba zai yi wa hukumar makaranta daɗi ba.

Kada a ɗauka wannan cuta ta makarantu ce kaɗai. Ƙasashe ma suna fama da ita. Ranar 11 ga Nuwamban 2019, Turkiyya ta yi gangamin dasa itatuwa miliyan 11 a yini guda, har aka kafa tarihin duniya na yawan dashe cikin sa'a ɗaya. Ba a yi wata uku ba ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ta ƙasar ta fito ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na dashen da ta duba sun mutu, saboda an dasa su ba a kan lokaci ba, ga ƙarancin ruwa. Ma'aikatar da abin ya shafa ta musanta. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, gardamar ta nuna inda gizo ke saƙar: kowa ya san adadin da aka dasa, amma adadin da ya rayu sai an yi jayayya.

Wangari Maathai ta Kenya ta gane wannan da wuri. Ƙungiyar dashen itatuwa da ta kafa a 1977 ta fara ne da itatuwa bakwai kacal, waɗanda aka dasa a Nairobi ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya. Daga baya aikin ya haura itatuwa miliyan 50, ita kuma ta zama mace ta farko daga Afirka da ta karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, a 2004. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika ambata ba, kuma shi ne ya fi jan hankalina, shi ne yadda ake sallamar matan karkarar da ke aikin: ɗan ihisanin da ake ba su yana rataye ne a kan dashen da ya rayu bayan an koma an duba. Wadda ta tura tsiro a rami ta juya baya ba ta da abin karɓa. Da makarantu za su ari wannan ma'auni ɗaya tak, da rabin rahotannin da ake rubutawa a kan "nasarorin ƙungiyar muhalli" ba su ga hasken rana ba.

Na san abin da ke ja mana zuwa ga biki, don ni ma na taka rawata. Biki yana da rana, yana da hoto, yana shiga rahoton ƙarshen shekara, mai duba makarantu yana gani ya gyaɗa kai. Ban ruwa kuwa ba shi da baƙo. Ba wanda zai ɗauki hoton yarinya tana jan bokiti ranar Laraba da yamma a mako na tara na zango. Amma dashe bai san da zuwan baƙo ba. Abin da ya sani shi ne an ciro shi daga leda, saiwarsa ta girgiza, yana bukatar rami mai faɗi da ƙasa mai taki, ruwa mai ratsawa ƙasa sosai maimakon yayyafin da ke jiƙa sama kawai, busasshiyar ciyawa a gindinsa don danshi ya daɗe, da shingen da zai tsare shi daga bakin dabba da ƙafar masu ƙwallo. Kuma yana bukatar wannan kulawa har ya ƙetare rani ɗaya ko biyu. Makarantar da za ta rufe na tsawon makonni ba tare da ta san wa zai riƙe bokiti ba, gara ta bar dashen a wurin masu reno, ta huta da ɗaukar alhaki.

Ga kuma wata matsala da makaranta ke da ita wadda gida ko gona ba su da ita: mutanenta masu wucewa ne. Ɗalibin da ya fi kowa zafin nama a wannan aiki galibi ɗan ajin ƙarshe ne, bana yana nan, baɗi ya tafi. Malamin da ke jan ragamar ƙungiyar ana iya yi masa canjin wurin aiki da takarda ɗaya. Waɗanda ke daɗewa su ne mai gadi, mai shara, mai kula da lambu, masu girki, mai gyaran famfo da wayar lantarki. Su suka san inda ruwa ke kwanciya idan an yi mamako, da bututun da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa, da ajin da ake barin fanka tana juyi har gari ya waye. Duk da haka, in an tashi kafa kwamitin muhalli sai ka ga malamin kimiyya, malamin labarin ƙasa, shugabannin ɗalibai, shi ke nan. Idan aka ce "ma'aikatan makaranta" sai hankali ya tsaya a ofishin malamai, kamar sauran ba albashi ɗaya ake jira da su ba a ƙarshen wata.

Na ga sakamakon wannan da idona a kan batun shara. Mun sayo kwanduna kala uku: na takarda, na roba da leda, na ragowar abinci. Muka yi wa ɗalibai bayani a wurin taron safe, aka liƙa takardu a bango. Yaran kuwa suka ba da haɗin kai fiye da yadda na zata, har ka ji suna yi wa juna tsiya in wani ya jefa gora a kwandon takarda. Wata rana na makara a makaranta, sai ga mai shara ta zo da baro, ta juye kwando na farko, ta juye na biyu a kai, ta juye na uku, ta tura zuwa bayan katanga inda ake cinna wa bola wuta. Na ce, "Iya, ai an raba su ne da gangan." Ta dube ni ta ce, "Malam, baro ɗaya aka ba ni, rami kuma ɗaya ne. Ina zan kai su?" Ban da amsa. Kuma na tabbata akwai ɗaliban da suka riga ni ganin wannan, don ba a jima ba kwandunan suka koma kowa ya jefa inda hannunsa ya kai. Darasin da muka koya musu a zangon nan, ba da niyya ba, shi ne manya suna faɗin abin da ba su nufi ba.

Kafin a sayi kwando mai launi, sai a fara bin sharar a ga makomarta. Wa zai karɓi takardar? Wa ke sayen gorunan roba, kuma waɗanne iri yake karɓa? Wannan tambaya ba ƙarama ba ce, don duniya kanta ba ta gama amsa ta ba. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa daga lokacin da aka fara ƙera roba da yawa zuwa 2015, an samar da sharar roba kimanin tan biliyan 6.3, kuma kashi 9 cikin 100 kawai aka sake sarrafawa. An ƙona kashi 12, sauran kashi 79 suna jibge a juji ko warwatse a ƙasa da ruwa. Ƙasashe masu arziki ma sun daɗe suna loda tasu a jiragen ruwa suna kai wa Sin, sai da ta rufe ƙofa a farkon 2018 kowa ya fara rarraba ido. Saboda haka makarantar da ke son yin abin kirki ta fara daga baya: ta rage abin da ke shigowa. Famfon ruwan sha mai tsabta da gorar da ɗalibi zai riƙa cikawa sun fi kwanduna goma amfani. Buga takarda gaba da baya ya fi tara takardun da ba a san wanda zai kwashe su ba. Ragowar abinci da busasshen ganyen da ake sharewa kullum kuwa ba sa bukatar kowa daga waje: a haɗa ɗanye da busasshe a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, cikin 'yan watanni sun zama takin da itatuwan can ke nema. Ƙona leda a bayan aji dai ya kamata a daina ko da ba a yi komai ba, don hayaƙinta na ɗauke da guba, kuma huhun da ke shaƙarsa na yara ne.

Akwai wata ɗabi'a da nake ganin ta fi duk waɗannan ɓarna, amma mun saba da ita har ba ma ganinta. Ɗalibi ya makara, sai a ce je ka tsince ledojin filin wasa. Ya yi surutu a aji, sai a ba shi tsintsiya. Bai yi aikin gida ba, sai a tura shi cire ciyawa cikin rana. Shekara shida yaro yana ganin tsabtace wuri a matsayin abin da ake yi wa mai laifi, sannan ranar biki mu tsaya a gabansa muna cewa kula da muhalli abin alfahari ne. Wanne zai ɗauka, abin da muka faɗa sau ɗaya ko abin da muka aikata sau ɗari? Irin wannan yaro ne ke girma ya sauke gilashin mota ya wurgar da gora a titi, don a can cikin ransa tsintar shara aikin wanda ya gaza ne. Kuma da irin wannan ido yake kallon Iya mai shara. In makaranta da gaske take, ta nemi wani horon daban, ta bar tsintsiya ta zama ta kowa, har da mu malamai. Ban cire kaina ba: na sha fita daga ofis na bar fitila a kunne, na je na yi wa yara wa'azin tattalin lantarki.

Abin da ya sauya mini tunani game da abin da ɗalibai za su iya ba wani babban shiri ba ne. Wata yarinya ce 'yar aji huɗu, mai shiru-shiru, ta gaji da jin ɗigar wani famfo da ke kusa da tagar ajinsu. Ta ajiye gorar lita ɗaya a ƙarƙashinsa ta duba agogo. Cikin rabin sa'a ta cika. Ta zauna ta buga lissafi: lita 2 a sa'a, lita 48 a kwana, lita 1,440 a wata, lita 17,520 a shekara. Sannan ita da ƙawayenta biyu suka bi duk famfunan makarantar ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta masu yoyo, suka kawo mini takarda. Muka kai wa shugaban makaranta. Ya duba ya sake dubawa, ya ce, "'Yata, ke kika yi wannan?" Ta ce, "Ni da su wance ne, Malam." Kafin mako ya zagayo an kira mai gyara, kuma abin da yawancin famfunan ke bukata ashe 'yar robar ciki ce da ta cinye. Na shekara ina ƙorafin yoyon nan da baki ba a motsa ba. Lamba a kan takarda, da rubutun hannun yarinya, ita ta tashi mutane tsaye.

Daga nan na fahimci cewa mun daɗe muna ba yara aikin da bai kai su ba. Muna ba su zanen allon sanarwa, waƙa da wasan kwaikwayo, alhali ɗan sakandare ya isa ya karanta mitar wuta kowace Litinin da Juma'a, ya gano nawa makaranta ke sha a ƙarshen mako lokacin da babu kowa a ciki. Ya isa ya ƙirga ƙwayayen fitila, ya lissafa abin da za a rage in an sauya tsofaffi masu zafi da na LED, waɗanda ke shan ƙasa da rubu'in wutar da na da ke sha. Ya isa ya auna nauyin abincin da ake zubarwa na mako guda ya kai wa masu girki su duba tare. Sai dai wannan yana bukatar ma'ajin makaranta ya buɗe takardun kuɗin wuta da na ruwa, kuma a nan ne fuskoki ke sauyawa. Da yawa daga cikin shugabanni suna son ɗalibai masu kishin muhalli muddin kishin bai wuce tsintar leda ba. Da zarar yaro ya tambayi dalilin da ya sa na'urar sanyaya ɗaki ke aiki a ofishin da ba kowa, sai a ce ya fara rashin kunya.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Shirin kula da muhalli a makarantu mai suna Eco-Schools, wanda aka fara a wasu ƙasashen Turai a 1994, bayan taron muhalli na duniya da aka yi a Rio de Janeiro a 1992, a kan wannan tunani aka gina shi, kuma yanzu ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa. Matakinsa na farko kafa kwamiti ne wanda ɗalibai ke jagoranta, na biyu kuma bincikar halin da makarantar ke ciki kafin a taɓa komai. Sai tsara aiki, sai bibiya da aunawa, sai haɗa abin da darussan aji. Koriyar tutar da ake ba makarantar da ta cika sharuɗɗan shirin ma ba ta dindindin ba ce, sai an riƙa sabunta ta. Ba lallai ne kowace makaranta ta yi rajista da wani shiri ba, kuma na san akwai masu neman tutar don ado kawai. Amma jerin yana da hikima: duba, sannan aiki, sannan a koma a duba. Mu mun saba farawa daga tsakiya mu tsaya a nan.

Wani abokin aikina, malamin lissafi mai tsananin kishin jarrabawa, yakan ce duk wannan ɓata lokaci ne, iyaye sakamako suka aiko 'ya'yansu nema. Ban raina maganarsa ba, don manhaja ta riga ta yi wa zango yawa. Amsata gare shi ita ce takardar yarinyar nan. Ninkawa ce, ma'auni ne, ƙiyasi ne, duk abin da yake fama ya cusa musu a allo suna hamma. Ramin taki darasin ilimin halittu ne da ake iya sa hannu a ji ɗuminsa. Wasiƙar da za a rubuta wa shugaban makaranta darasin harshe ne mai dalili. Inda na yarda da shi shi ne in aikin ya zama ƙarin kaya da aka ɗora wa malami ɗaya bayan an tashi, babu lokaci, babu ko sisi, to zai mutu, kuma ya cancanci ya mutu. Dole a ba shi gurbi a jadawali. Italiya ta sanar a 2019 cewa za ta ware sa'o'i 33 a shekara don koyar da sauyin yanayi da ci gaba mai ɗorewa a makarantunta. A ɗaya gefen, wani nazari da UNESCO ta fitar a 2021 ya gano cewa kashi 47 cikin 100 na manhajojin ƙasashe 100 da aka duba ba su ambaci sauyin yanayi ba ko sau ɗaya. Yawancin makarantu suna tsakanin waɗannan biyun ne, suna lallaɓawa da abin da malami mai zuciya ya iya.

Ƙalubalen da ya fi mini nauyi daga bakin ɗalibi ya fito. Ya ce, "Malam, in mun kashe fitilun makarantar nan duka har abada, me zai rage wa duniya?" Gaskiyarsa. Wani rahoto na 2017 ya danganta kashi 71 cikin 100 na iskar masana'antu mai ɗumama duniya tun daga 1988 da kamfanoni 100 kacal masu haƙo man fetur, iskar gas da kwal. Ƙarya ce a sa yaro ya ji kamar gorar ruwansa ce ke narkar da ƙanƙarar duniya, kuma zalunci ne a ɗora masa laifin da manya suka tafka. Ledar ma da muke tsinta, dokar gwamnati ta fi gangami tasiri a kanta: Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Abin da na ce masa shi ne ban kawo shi nan don ya ceci duniya da makunnin fitila ba. Amma inuwar da za ta sauka a kan tagar ajinsu tasa ce, hayaƙin da za a daina shaƙa huhunsa ne zai huta, ruwan da aka tsare shi zai sha. Sannan masu rubuta irin waccan doka, da injiniyoyin da za su aiwatar da ita, da 'yan jaridar da za su bi diddigi, daga wani aji suke fitowa. Wanda ya taɓa tilasta wa hukumar makarantarsa gyara famfo da hujjar lissafi ya san hanyar da ake bi a tilasta wa wadda ta fi ta.

Akwai kuma batun tsoro, wanda ba mu cika kula da shi ba. A wani bincike na 2021 da ya tambayi matasa 10,000 'yan shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe goma, kashi 59 cikin 100 sun ce sauyin yanayi yana matuƙar damunsu. Greta Thunberg tana da shekara 15 lokacin da ta bar aji a watan Agustan 2018 ta je ta zauna a gaban majalisar dokokin Suwidin, kuma ɗalibai miliyoyi suka biyo bayanta a ƙasashe daban-daban. Ko mutum yana ganin daidai ne yara su ƙaurace wa darasi ko ba ya gani, abin lura shi ne sun fita ne don sun ji ana koya musu cewa gida na ci da wuta, amma masu koyarwar ba su ko tashi daga kujera ba. Malamin da ya cika yaro da labarin fari, ambaliya da narkewar ƙanƙara, sannan ya sallame shi ba tare da ya damƙa masa wani abin da hannunsa zai iya gyarawa ba, ya bar shi da ɗayan biyu: fargaba ko halin ko-in-kula. Na ga duka biyun a fuskokin ɗalibaina, kuma na biyun ya fi ba ni tsoro.

Shekara biyu bayan wancan hoto muka sake gwadawa, ba tare da baƙo ba. Wannan karon mun fara ne da zama a ƙarƙashin ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, da Baba mai gadi, da Iya, da mai gyaran famfo, da ɗalibai daga kowane aji, har da 'yan aji ɗaya waɗanda ke da sauran shekaru biyar a gaba. Baba ne ya zaɓi lokaci, shi ya nuna inda ƙasa ke riƙe danshi da inda tsakuwa ta yi yawa. Yaran suka so a dasa 100, ya ce, "Ku fara gaya mini bokiti nawa za ku iya ɗauka." Aka yi lissafi aka tsaya a kan 20. Kowane dashe aka ba shi lamba da mutum biyu, babba da ƙarami, don in babban ya gama makaranta ƙaramin ya gaje shi ya nemi nasa ƙaramin. Aka sayi littafi mai kauri aka ajiye a ɗakin mai gadi, ana rubuta ranar ban ruwa da tsawon kowane itace a ƙarshen wata. Don dogon hutu kuma shugaban makaranta ya amince a riƙa ba Baba wani ɗan ƙari a kan albashinsa, ɗaliban da ke zaune kusa suna leƙowa bi da bi.

Da aka dawo hutu ban zagaya ni kaɗai ba. Wani ɗan aji biyu ne ya riƙe littafin yana kiran lamba, sauran suna amsawa daga gindin itatuwansu. Uku ba su amsa ba: lamba 4 da lamba 11 gara ta ci, lamba 18 kuma ƙwallo ta karya. Yaron ya rubuta 17, ya ja layi a ƙasa, sannan ya juya ya tambayi Baba abin da ake yi wa gara.